Shan man jif mai haibirid a tuƙin yau da kullum

Jif mai haibirid, ko kuma haibirid kawai kamar yadda dilolin mota da makanikan Apo a Abuja suke kiranta, babbar mota ce mai tsayi daga ƙasa wadda take tafiya da ƙarfi iri biyu, injin fetur da kuma injin lantarki da yake jan wuta daga wani babban batir da ke ƙarƙashin kujerar baya. Irin wadda ta fi yawa a Abuja ba a jona ta a soket, ita ke cajin kanta tana cikin tafiya. Shan manta na yau da kullum kuwa shi ne kilomita nawa lita ɗaya take kai ta a kan titi na gaske, da gosulo da esi a kunne da ramuka da yara a baya, wanda sau da yawa daban yake da adadin da kamfani ya rubuta a takarda.

Maganar ta yi ƙarfi a Najeriya ne tun ranar 29 ga Mayun 2023 da shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a Yulin shekarar ta kai 617 a Abuja, zuwa Oktoban 2024 kuma ta wuce 1,000. Daga nan ne masu manyan jif masu silinda 6 suka fara tambayar abin da a da ko a jikinsu, wato lita nawa take sha.

Asali

Motar haibirid ta farko da aka ƙera da yawa don kasuwa ita ce Toyota Prius, ta fito a Japan a ƙarshen 1997, amma ita ƙaramar mota ce. Jif ta farko ita ce Ford Escape Hybrid a Amurka a 2004, sai Lexus RX 400h da Toyota Highlander Hybrid suka biyo a 2005. RAV4 mai haibirid ta makara, sai ƙirar 2016 ta zo. Na Toyota da Lexus su ne suka cika titin Abuja, kuma kusan dukkansu tokumbo ne daga Amurka da Kanada, don haka lissafin da za a kawo nan nasu ne.

Ta ina take rage shan mai

Abu na farko, kuma shi ne babba a wajen mai zama a gari, injin fetur ɗinta yana mutuwa da kansa duk lokacin da motar ta tsaya ko take rarrafe, sai injin lantarki ya ci gaba da jan ta. Mota ta gargajiya in ta tsaya a danja tana nan tana ƙona mai a banza, ita kuwa wannan shiru za ka ji kamar an kashe, shi ya sa wasu sabbin direbobi suke sake danna maɓalli suna zaton ta mutu alhali rubutun READY na nan a kunne a gabansu.

Na biyu birki. In ka taka birki a mota ta gargajiya duk ƙarfin gudun nan zafi yake zama ya bi iska, a haibirid kuwa injin lantarkin ne yake juyewa ya zama janareta, ya rage gudun motar ya tura wutar cikin batir, anjima a yi amfani da ita wajen tashi. Wannan ne ma ya sa takalmin birkinta yake daɗewa bai cinye ba. Amma fa sai birki na hankali, in ka zo da gudu ka dankara birki lokaci ɗaya birkin gargajiyan ne zai karɓi yawancin aikin, wutar ta tafi kenan.

Na uku, a yawancinsu shi kansa injin fetur ɗin an tsara shi ne a kan wani salo da ake kira Atkinson, yana tatsar aiki mai yawa daga mai kaɗan amma ba shi da kuzari sosai wajen tashi, sai injin lantarki ya cike masa gurbin. Waɗanda suke ja da taya huɗu kuma, irin RAV4 da Highlander, wani injin lantarki ne daban yake juya tayoyin baya, babu dogon ƙarfen nan da yake tafiya daga giya zuwa baya.

Abin lura shi ne batirin ƙarami ne, na RAV4 bai kai kilowat-awa 2 ba, da wuta zalla ba ya wuce kilomita ɗaya ko biyu a hankali. Aikinsa ajiye ƙarfi na ɗan lokaci ne kamar asusu, a zuba a ɗebe, a zuba a ɗebe. Duk wutar da ke cikinsa asalinta daga fetur ta fito.

Lissafin takarda

Tunda motocin daga Amurka suke, adadin da aka fi gani shi ne na hukumar kare muhalli ta can, EPA, kuma da mil da galan take lissafi. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, mil ɗaya kuma kilomita 1.609, don haka in ka ga mil kaza a galan sai ka ninka da 0.425 ya ba ka kilomita a lita. A yi hattara da lissafin Ingila, galan ɗinsu ya fi girma, lita 4.546 ne, mota ɗaya sai ta zama kamar ta fi tsimi a takardarsu.

RAV4 Hybrid ta 2019 an ba ta wajen mil 40 a galan in an haɗa gari da babbar hanya, wato kilomita 17 a lita, ita kuwa 'yar uwarta mai fetur zalla wajen mil 30, kusan kilomita 13. Highlander Hybrid ta 2020 mil 36 ce, kilomita 15 da 'yan kai, mai silinda 6 ta fetur kuma kilomita 10 take yi. Tsofaffin ba su kai haka ba ko kusa. Lexus RX 450h ta 2010 mil 30 ce, RX 350 ta shekarar mil 21, kusan kilomita 13 kenan da kusan 9. RX 400h da Highlander ta farko kuwa da ƙyar suke kaiwa kilomita 11 a lita tun suna sababbi, don su an fi ba su ƙarfi a kan tsimi, injin lita 3.3 ne a cikinsu, to wanda ya sayi irin wannan yana jiran ta sha mai kamar Prius ya yaudari kansa.

In aka ɗauki mai tafiyar kilomita 1,000 a wata, a lissafin takardar nan RAV4 mai haibirid lita 59 za ta sha, mai fetur lita 78, bambanci lita 19. A Highlander kuwa lita 65 ne da lita 100, bambanci 35, in lita tana naira 1,000 dubu 35 kenan duk wata. Girman motar shi ne girman ribar.

Sai dai shi gwajin a ɗaki ake yinsa, a ɗora motar a kan wasu ƙarafa masu juyawa, ba a gosulon Nyanya da ke bakin Abuja ba. Tun 2008 dai sun gyara shi sun ƙara da kunna esi da sanyi da gudu, ya ɗan matso kusa da gaskiya, amma babu kaya a but, babu taya mai rabin iska, babu ƙurar hunturu.

A titin Abuja

Wani abu da yake ba mutane mamaki, haibirid ta fi tsimi a cikin gari a kan babbar hanya, akasin yadda aka saba. Ita RAV4 ɗin takardarta ma haka ta nuna, mil 41 a gari, 38 a babbar hanya, mai fetur kuwa 26 a gari 35 a hanya. Duba da kyau, a gari tazarar mil 15 ce, a hanya mil 3 kacal. Kenan wanda yake fitowa daga Mararraba ko Nyanya da asuba ya shiga gosulon nan na hanyar Keffi yana matsawa taku taku har mahaɗar AYA a cikin Abuja, shi ne wanda aka yi motar dominsa, don a wannan rarrafen rabin lokaci injin a mace yake. Wanda kuwa yake zaune a Lugbe ko Kubwa yana fita lokacin da hanya ta buɗe ya taka totur ya kai 120, ribarsa kaɗan ce, saboda a wannan gudun injin fetur ne yake aiki ba hutu, ba birkin da zai dawo da wuta, kuma iska tana tare jif sosai tunda doguwa ce mai faɗin goshi. Turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, in gudu ya ninka biyu ita huɗu take ninkawa.

Amma gosulon ma iri biyu ne. Akwai na rarrafe, akwai na tsayuwa cik na awa guda. A na biyun esi ne yake cin batir, don kwamfuresan esi na waɗannan motoci da lantarki yake aiki, in batir ya yi ƙasa sai injin ya tashi ya yi caji ya sake mutuwa, haka haka. Har yanzu ta fi mota ta gargajiya sauƙi nesa ba kusa ba, amma a zafin Maris da Afrilu dole adadin ya sauka. Kuma kuskuren da direbobi da yawa suke yi shi ne sa giya a N in an tsaya, sun saba da tsohuwar mota, to a haibirid ta Toyota batir ba ya caji a N, sai dai ya yi ta zubewa. A bar ta a D da ƙafa a birki, ko a sa P.

Gajeriyar tafiya ita ma tana cinye ribar. Injin da ya kwana sai ya yi 'yan mintuna yana aiki don ya ɗumama kafin ya yarda ya fara mutuwa, to in tafiyar daga gida zuwa masallaci ce ko kai yara makaranta a bayan layi, kafin ya ɗumama an iso. A Jos abin ya fi fitowa fili a Disamba da Janairu, garin yana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, sanyin safiyarsa kuma ba sai an faɗa ba, in aka ƙara da kunna hita injin zai ƙi hutawa tunda daga zafinsa ake ɗumama cikin motar.

Ita hanyar Abuja zuwa Jos ta Keffi da Akwanga tana nuna wani abu. Hawan Kibo a tafiya injin ne yake ɗaukar nauyin, mai zai zube, a dawowa kuwa gangara ce batir zai cika tun ba a yi nisa ba, in ya cika babu inda za a zuba sauran wutar sai ka ji injin ya ɗauki kuka yana riƙe motar. Ba lalacewa ba ce, kuma a lokacin ba mai yake sha ba. Don haka kar a auna shan mai da zuwa kaɗai ko dawowa kaɗai.

Matsalar tokumbo

Duk lissafin can na sabuwar mota ne. A da Toyota a Amurka garantin shekara 8 ko mil 100,000 take ba batirin, daga ƙirar 2020 ta mayar da shi shekara 10 ko mil 150,000, yawancin waɗanda suke isowa nan kuwa sun wuce wannan ko suna bakin wucewa. Batirin da ya gaji ba ya riƙe wuta, za ka ga sandunan cajin a allo suna cika da wuri suna zubewa da wuri, injin yana tashi a kai a kai, shan mai ya haura ba tare da wata fitila ta kama ba. Babban maƙiyinsa zafi ne. Da iskar cikin mota ake sanyaya shi, akwai 'yar fanka da kafar shan iska a wajen kujerar baya, ƙurar hunturu da gashin darduma suna toshe ta, wani ma jaka zai jingina a wajen bai sani ba. Wanke wannan fankar aiki ne mai arha da ba a cika yi ba. Shi ya sa masu kashe esi a rana tsaka wai don tsimin mai suke cutar kansu, batirin suke gasawa.

Sai baƙin mai. Injinan an yi su ne don mai ruwa ruwa, irin 0W-20, sababbin ma 0W-16, makaniken da ya saba zuba mai kauri 20W-50 a kowace mota in ya zuba mata shan fetur zai ƙaru. Haka cire abin tace hayaƙi na cikin salansa da makanikai suke kira indomie, haka manyan tayoyi da rim na gayu, haka taya mai ƙarancin iska. Mai gyaran esi ma sai wanda ya san ta, don man kwamfuresanta na musamman ne wanda wuta ba ta bi ta cikinsa.

Yadda ake aunawa

Adadin da allon mota yake nunawa kiyasi ne na kwamfuta, kuma yakan ɗan yi wa mai mota daɗin baki. Hanyar da ta fi ita ce a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a mayar da mitar tafiya sifili, a yi harkokin da aka saba, in an dawo a sake cikawa a gidan mai ɗaya, in so samu ne a famfo ɗaya tunda ba kowace lita ce lita ba a gidajen manmu, sai a raba kilomitar da litar da ta shiga. In motar mil take ƙirgawa a fara ninkawa da 1.609. Misali kilomita 600 da lita 43 ya ba da kusan 14 a lita. Tanki ɗaya ba ya isa hujja, sai an yi uku ko huɗu an haɗa da na rani da na damina.