Jinyar Firgici Ta Hanyar Jiki

Jinyar firgici ta hanyar jiki suna ne da ya tattara wasu dabarun kula da lafiyar ƙwaƙwalwa waɗanda suke farawa da abin da majiyyaci yake ji a jikinsa kafin a kai ga labarin abin da ya same shi. Ana amfani da su ga mutanen da suka tsallake rijiya da baya, kamar a hatsarin mota, gobara, fyaɗe ko zama a hannun masu garkuwa, amma tsoron ya ƙi sakin su bayan watanni ko shekaru. Idan lamarin ya yi tsanani, likitoci suna kiransa PTSD, wato ciwon damuwa bayan firgici.

Tarihi

Tun a 1889 likitan Faransa Pierre Janet ya lura cewa wasu majiyyata ba sa iya ba da labarin masifar da ta auka musu, sai dai ta riƙa fitowa a matsayin shanyewar gaɓa, suma ko karkarwa. A 1915 Walter Cannon na Jami'ar Harvard a Amurka ya bayyana yadda jiki yake shirin faɗa ko gudu idan ya ga haɗari: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sama, narkewar abinci ta dakata. A shekarar ce kuma likitocin Ingila suka fara rubutu kan sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da suke dawowa suna kyarma ko sun kurumce alhali harsashi bai taɓa su ba.

Wilhelm Reich, almajirin Sigmund Freud, shahararren masanin halayyar ɗan Adam, shi ne ya fi kowa jan hankali zuwa ga tsoka a shekarun 1930. A ganinsa, mutum yana ɗaure wuya, ƙirji da muƙamuƙi kamar wanda ya sa sulke don kada abin da ke ransa ya fito. Daga baya Reich ya shiga da'awoyin da kimiyya ta yi watsi da su, ya mutu a kurkukun Amurka a 1957, amma ɗalibinsa Alexander Lowen ya ci gaba da ɓangaren numfashi da motsa jiki. Sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da PTSD cikin kundin cututtukanta, bayan abin da aka gani ga tsofaffin sojojin Biyetnam.

Ba'amurke Peter Levine ya fara haɗa tasa hanyar jinyar wajen shekarun 1970. Ya kafa hujja da namun daji: barewar da ta kuɓuta daga bakin zaki takan sandare, sannan ta yi karkarwa, ta tashi ta koma kiwo. A cewarsa, ɗan Adam yakan danne wannan karkarwar, sai jiki ya zauna kamar haɗarin bai wuce ba. Pat Ogden ta gina wata hanyar da ta fi kula da tsayuwa, zama da motsin da mutum ya so yi lokacin harin bai samu dama ba. Francine Shapiro ta fito da EMDR a 1987, inda majiyyaci yake bin yatsan mai jinya da ido, dama da hagu, yana tuna abin da ya faru. Littafin likitan ƙwaƙwalwa Bessel van der Kolk na 2014 ne ya yaɗa wannan tunani har ga waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba.

Alamomi

Mai jinya yana duba numfashi, kafaɗun da suka ɗage, zabura idan an buga ƙofa, gumi, da idon da ba ya zama wuri ɗaya. Akwai kuma akasin haka, wato mutuwar jiki: murya ta yi ƙasa, mutum ya yi zuru kamar ba ya cikin ɗakin. Wannan na biyun ya fi kuɓuce wa dangi, domin sau da yawa ana ɗaukarsa haƙuri ne ko kunya.

Yadda ake yi

Ba a tilasta wa majiyyaci ya zayyana komai a zaman farko. Mai jinya zai iya cewa, "Hajiya, da kika ambaci hanyar nan, a ina kika ji abin a jikinki?" Idan ta ce ƙirji ya yi nauyi, sai a tsaya nan kaɗan, sannan a mayar da hankalinta ga wurin da ke da natsuwa, kamar tafin ƙafa a kan tabarma, a sa ta jan numfashi ta sake shi a hankali. Haka ake kai da komo, kaɗan-kaɗan, don kada tsoron ya sake rufe ta. Yawancin zaman ba ya buƙatar taɓa jiki, kuma inda ake taɓawa sai da izini.

Hujjoji da saɓani

A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar EMDR da kuma jinyar gyaran tunani da ɗabi'a mai fuskantar firgici. Hanyoyin Levine da Ogden ba su kai wannan matsayi ba. Gwaje-gwajensu kaɗan ne kuma ƙanana. Ra'ayin Stephen Porges na 1994 kan jijiyar bagus (jijiyar da ta haɗa ƙwaƙwalwa da zuciya, huhu da ciki), wanda masu wannan jinya suke yawan dogara da shi, wasu masana aikin jijiyoyi sun musanta tushensa.

A Zariya

Bahaushe bai cika zuwa asibiti ya ce yana da damuwa ba. Abin da zai ce shi ne gabansa yana faɗuwa, kansa yana zafi, wani abu yana yawo a jikinsa, barci ya ƙaurace masa. Ta wannan fuskar, tambayar da ta fara daga jiki ta fi saurin samun amsa fiye da wadda ta nemi sirrin zuciya kai tsaye, musamman ga matar da kunya za ta hana ta faɗin abin da aka yi mata a gaban miji ko suruka. Da yawa sukan sha maganin olsa, taifod ko zazzaɓin cizon sauro sau da dama, ko a yi musu tofi da ruƙiyya, kafin a yi zancen firgici. Sai dai bugun zuciya da jiri suna iya zama hawan jini, ƙarancin jini ko ciwon maƙoƙo, shi ya sa gwajin likita yake zuwa da farko.

Buƙatar ta ƙaru a yankin bayan sace-sacen mutane, ciki har da harin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a Yunin 2021 da na jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.