Biskit ɗin Mapul

Biskit ɗin mapul nau'in biskit ne da ake zaƙaƙawa da zumar bishiyar mapul ko sukarinta. An fi saninsa a gabashin Kanada, musamman lardunan Kebek da Ontariyo, da jihohin arewa maso gabashin Amurka irin su Bamont. Ana samunsa a kanti duk shekara, amma a gidaje an fi gasa shi daga Bikin Godiya, wanda Kanada ke yi ran Litinin ta biyu a watan Oktoba, Amurka kuma ran Alhamis ta huɗu a Nuwamba, har zuwa Kirsimeti da sabuwar shekara.

Asalin zaƙin

Abin da ake kira zumar mapul ba ta ƙudan zuma ba ce. Ruwan jikin bishiya ne, kuma ba ya zuba sai a ƙarshen hunturu, wajen watan Maris zuwa Afrilu, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta narkar. Ana huda gindin bishiyar a sa ɗan bututu, ruwan ya riƙa ɗiga cikin bokiti, ko ya bi tiyo zuwa tanki. Idan ka ɗanɗana shi a lokacin, da ƙyar za ka ji zaƙi, domin sukarin cikinsa bai fi kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Sai an tafasa kimanin lita 40 kafin a sami lita ɗaya mai kauri, wadda sukarinta ya kai kusan kashi 66. Wannan wahala ce ta sa take da tsada. Kebek kaɗai na samar da kusan kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke sha.

Tarihi

'Yan asalin yankin, irin su Ojibwe da Algonkin da Irokwa, su ne suka fara tsaga bishiyar suna tarar ruwanta a ɓawon itace, kuma daga wurinsu Turawan Faransa da Ingila suka koya. Masana sun saɓa kan ko sun riƙa dafa shi har ya zama sukari kafin zuwan tukwanen ƙarfe. A ƙarni na 18 da na 19, sukari aka fi yi, ba zuma ba: ana dafa ruwan har ya daskare, a zuba shi a mazubi ya zama curi mai launin ƙasa-ƙasa, kamar mazarƙwaila. Curin ba ya lalacewa, shi ya sa wanda aka yi a bazara yake kaiwa hunturu mai zuwa, a kankare shi a cikin kayan gashin biki.

Sukarin ya taɓa shiga siyasa. Wajen shekarun 1790, masu adawa da bauta a Amurka, cikinsu har da likita Benjamin Rush na Filadelfiya, sun yi ta kira ga jama'a su koma gare shi su bar sukarin rake da bayi ke nomawa a tsibiran Karebiyan. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, shi ma ya dasa bishiyoyin a gonarsa ta Monticello a 1791, amma ba su yi albarka ba. Bayan sukarin rake ya yi araha a ƙarshen ƙarni na 19, manoma suka karkata ga zuma.

Yadda ake gasawa

Kayan haɗin su ne fulawa, bota, ƙwai, ɗan gishiri da zumar, wasu kan ƙara kirfa ko goron fikan (wani ɗan itace mai ɗan kama da gyaɗa). Matsalar ita ce zumar ruwa ce, tana sa kwaɓi ya saki. Don haka masu gashi kan zuba kashi uku cikin huɗu na kofi a madadin kofi ɗaya na sukari, su rage sauran ruwa, sannan su sa kwaɓin a firiji ya yi tauri kafin a murza a yanka. Ana gasawa a zafin digiri 175 a ma'aunin Celsius na minti 10 zuwa 12, a cire da zarar gefe ya fara ja, domin yana saurin ƙonewa. Zuma mai duhu, ta ƙarshen lokacin tarar ruwan, ita aka fi so. Mai haske ƙamshinta kan ɓace a wuta.

Na kanti

Wanda ya fi shahara shi ne mai siffar ganyen mapul, irin na tutar Kanada ta 1965: biskit biyu da kirim a tsakani. Kamfanonin Dare da Leclerc na cikin masu yinsa.

Ƙamshin kwaikwayo

Ba duk biskit mai wannan suna ne ya ga bishiya ba. Sinadarin sotolon, wanda ke cikin ƙamshin mapul, yana da yawa a hulba, kuma da ita akan haɗa ƙamshin kwaikwayo. Wanda ya taɓa shan hulba ya ji warinta a zufarsa ya riga ya san ƙamshin.