Mene ne farashi mai hawa da sauka, kuma me ya sa kai yara Disney ya zama sai mai hali?

Farashi mai hawa da sauka tsari ne da mai kaya ke barin kuɗin abu ɗaya yana canzawa gwargwadon yawan masu nemansa. Kayan yana nan yadda yake, amma wanda ya zo ranar da aka yi masa caa zai biya ninkin abin da wanda ya zo ranar da kasuwa ta yi sanyi ya biya. Duk wanda ya taɓa kama ɗaki kusa da Harami a goman ƙarshe na azumi, ya kuma tambayi kuɗin wannan ɗakin a watan Safar, ya san abin da ake nufi. A 'yan shekarun nan maganar ta fi tashi a kan tikitin kallon wasanni, musamman bayan FIFA ta ɗauki tsarin a gasar cin kofin duniya ta 2026, da kuma manyan wuraren shaƙatawa na iyali irin na Disney da Universal a Amurka, inda iyaye ke kukan cewa kai yara hutu ya fi ƙarfin mai matsakaicin albashi.

Kamfanonin jiragen sama ne suka mayar da abin ilimi. Bayan gwamnatin Amurka ta cire hannunta daga ƙayyade kuɗin jirgi a 1978, kamfanoni irin su American Airlines suka fara amfani da kwamfuta wajen raba kujerun jirgi ɗaya zuwa farashi iri-iri. Dalilin a fili yake: kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa ta tafi ke nan, ba a ajiye ta a sayar gobe. Haka wurin shaƙatawa yake. Ko mutum dubu ashirin suka shigo ko dubu sittin, sai an kunna wuta, an biya ma'aikata, an tayar da injinan lilo. Ranar da babu jama'a asara ce da ba a mayar da ita, ranar da aka cika maƙil kuwa akwai mutanen da da sun biya fiye da abin da aka karɓa a hannunsu. Tsarin yana farautar kuɗin duka biyun ne.

Sai dai abu biyu ake kira da wannan suna, kuma ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne farashin kalanda: kamfani ya zauna tun da wuri ya yi hasashen cunkoso, ya rubuta wa kowace rana kuɗinta, ya wallafa. Talatar tsakiyar Satumba tana da nata, ranar Kirsimeti tana da nata, kuma ko yau ka saya ko bayan wata biyu, galibi abin da aka rubuta za ka biya. Na biyu shi ne irin na jiragen sama, inda kuɗin rana ɗaya tak ke motsi yayin da ake sayen tikitinta. Ka duba da safe ka ga wani farashi, ka dawo bayan mako ka tarar ya tashi. Abin da wuraren Disney na Amurka suka daɗe suna yi wa tikitin shiga shi ne na farko. Na biyun ya fara shigowa ne ta wasu ƙofofi.

Yadda aka taho

Lokacin da aka buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya a watan Yulin 1955, dala 1 babba ke biya ya shiga. Walt Disney World da ke kusa da Orlando a jihar Florida, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoban 1971, ya fara da dala 3 da rabi. Ana yawan kawo waɗannan alƙaluma don nuna yadda abu ya lalace, amma akwai rashin adalci a kwatancen, domin a wancan zamani kuɗin ƙofa daban, kuɗin hawa kowane lilo daban. Ɗan littafin tikiti ake saya mai haruffa daga A zuwa E, inda E ke nufin manyan lilon da kowa ke rububi. Sai a 1982 aka soke wannan, aka koma biya ɗaya ka hau duk abin da kake so. A ƙarshen wannan shekara tikitin kwana ɗaya a Florida dala 15 ne, wanda idan aka yi lissafin hauhawar farashi bai wuce kimanin dala 50 na yanzu ba. Daga nan ya kamata a fara awo.

Sama da shekara talatin farashi ɗaya ne ga kowace rana, ana ɗan ƙara shi kusan duk shekara. A 2015 tikitin Magic Kingdom, wanda ya fi kowane sashe na Disney World farin jini, ya haye dala 100 a karon farko, ya tsaya a 105. A Fabrairun 2016 aka raba shekara gida uku: ranakun sauƙi, na tsaka-tsaki da na cunkoso, dala 105 da 110 da 124. A Oktoban 2018 aka bar rabon ukun aka ba kowace rana kuɗinta. A Disamban 2022 aka ƙara wani rabon, kowanne daga sassa huɗu na wurin ya samu nasa farashin, Magic Kingdom ya kai dala 189 a ranakun da suka fi tsada. A Kalifoniya kuwa, a Oktoban 2024 tikitin rana mafi tsada ya kai dala 206.

Abin lura a nan shi ne ƙasan farashin da ƙyar yake motsi. Tikiti mafi araha na Disneyland ya zauna a dala 104 tun 2019 yayin da na sama ke ta hawa. Wannan yana ba kamfani damar yin talla da "daga dala 104" ba tare da ya yi ƙarya ba. Amma ranakun 104 ɗin tsakiyar mako ne, a makonnin da yara ke aji. Ɗan fansho da ma'auratan da ba su da yara suna iya zaɓen ranar da suka ga dama. Mai 'ya'ya a makaranta kuwa kalandar makaranta ce ke zaɓa masa: hutun Maris da Afrilu, makon bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, da tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, wato daidai ranakun da aka ɗora wa kuɗi mafi yawa. Shi ya sa ƙarin ya fi faɗawa kan iyali fiye da yadda matsakaicin farashi ke nunawa.

A ɗauki uba da uwa da yara biyu da suka kai shekara goma, a farashin Disneyland na ƙarshen 2024. Ranar araha, tikiti huɗu dala 416. Ranar tsada, dala 824. Ajiye mota dala 35. Idan suka sayi izinin tsallake layi, aƙalla dala 32 kowane mutum, wato 128. Jimillar ranar tsada ta tashi dala 987, ba a ci abinci ba, ba a biya masauki ba, ba a yi maganar jirgi ba. Kuma shekara goman nan da gangan aka ambace ta: a wurin Disney yaro shi ne mai shekara 3 zuwa 9, daga 10 farashin babba ne. Rangwamen yaron ma 'yan daloli ne kawai. Wanda bai kai uku ba ne ke shiga kyauta.

Kuɗin layi

Nan ne ainihin canjin ya faru, kuma nan ne masu zuwa suka fi jin haushi. Daga 1999 Disney na da tsarin FastPass: ka karɓi takarda mai ɗauke da lokaci, ka je ka yi wata sabgar, ka dawo a lokacin ka bi gajeren layi. Kyauta ne. An dakatar da shi lokacin korona a 2020, bai kuma dawowa ba. A ƙarshen 2021 aka kawo Genie+ a madadinsa, dala 15 a Florida, 20 a Kalifoniya. Bayan shekara ɗaya shi ma aka saka shi a tsarin hawa da sauka, har ya riƙa haura dala 30 a ranakun cunkoso. A Yulin 2024 aka sake masa suna zuwa Lightning Lane Multi Pass, aka kuma kawo wani mai suna Premier Pass a Oktoban shekarar, wanda ke ba mutum damar tsallake layin kowane lilo da ke cikin tsarin sau ɗaya ba tare da kama lokaci ba. A Florida kuɗinsa ya fara daga dala 129 zuwa 449 kan mutum ɗaya, a sashe ɗaya, a rana ɗaya, bayan kuɗin shiga. Ma'ana dai an koma zamanin littafin A zuwa E, sai dai yanzu kuɗin ƙofar ma ba ƙarami ba ne.

Masu zuwa karon farko suna yawan yin asara a nan saboda rashin sanin ƙa'idojin. Izinin gama-gari, wato Multi Pass, bai haɗa da manyan lilon da aka fi so ba. Irin su TRON a Magic Kingdom da Flight of Passage a sashen Animal Kingdom daban ake sayar da nasu, kowanne da kuɗinsa mai canzawa. A Florida lilo uku kawai ake kamawa tun kafin ranar, kuma wanda ya sauka a otal ɗin Disney yana fara kamawa kwana bakwai kafin zuwansa, sauran jama'a kwana uku. Kafin layi ya zo kan na waje, lokutan safe masu kyau sun ƙare, sai a ba shi ƙarfe takwas na dare, lokacin da ƙaramin yaro ya riga ya yi barci a kafaɗa. Ga kuma batun tsayi: ba a hawa Space Mountain na Florida sai an kai santimita 112, TRON kuwa 122. Ma'aikaci na tsaye da sandar awo a bakin ƙofa, kuma izinin da aka biya ba ya ƙara wa yaro tsawo. A auna yara a gida kafin a biya.

Akwai kuma illar da ke faɗawa kan wanda bai saya ba. Kowane lilo yana da adadin mutanen da yake ɗauka a awa, kuma wannan adadi ba ya ƙaruwa don an buɗe layi na biyu. Duk kujerar da aka ba mai izini, daga rabon layin kyauta aka cire ta. Layin kyauta ya ƙara nauyi, wanda ke tsaye a cikinsa yana kallon wasu na wucewa, sai shi ma ya zaro waya ya saya. Tsarin da kansa yake samar wa kansa kwastomomi.

Hujjar kamfani ita ce tsada a ranar cunkoso tana tura wasu zuwa ranakun da babu mutane, kowa ya ji daɗi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Ma'aunin da ake kai wa masu hannun jari shi ne abin da kowane baƙo ya kashe, kuma a 2022 shugabannin Disney sun shaida musu cewa wannan ya haura na 2019 da kashi 40 cikin ɗari a wuraren Amurka. Sashen wuraren shaƙatawa da jiragen ruwa ne ke kawo fiye da rabin ribar kamfanin. Baƙi kaɗan masu kashe da yawa sun fi wa kamfani riba a kan taro mai riƙe aljihu, tunda sun fi sauƙin kula. A daidai wannan lokaci aka janye wasu abubuwan da a da kyauta ne, kamar motar Magical Express da ke ɗauko baƙin otal daga filin jirgin Orlando, wadda ta daina aiki a farkon 2022. Kukan ya yi yawa har Bob Iger, bayan dawowarsa shugabancin kamfanin a Nuwamban 2022, ya amince a bainar jama'a cewa kamfanin ya ɗan wuce gona da iri wajen farashi. A Janairun 2023 aka soke kuɗin kwanan mota a otal-otal ɗinsu na Florida. Saman farashin tikiti dai bai sauko ba.

Ranar araha ma da dalilinta. A Florida ƙarshen Agusta da Satumba ne suka fi sauƙi, kuma lokacin ne zafi da gumi suka fi tsanani, ruwan sama na sauka kusan kullum da yamma, ga shi tsakiyar lokacin mahaukaciyar guguwa. Idan aka ga walƙiya a kusa, ana tsayar da lilon da ke fili. A watannin da babu jama'a ne kuma ake rufe wasu don gyara, ana kuma tashi da wuri. Wanda ya biya ƙasa yakan samu awoyi kaɗan, don haka lissafin da ya fi dacewa shi ne a raba kuɗin tikiti da awoyin da wurin zai kasance a buɗe, a kuma duba jerin abubuwan da ke rufe a ranar.

Ƙa'idojin tikitin kalanda suna da nasu tarkon. Tikitin Disney na Amurka ba a mayar da kuɗinsa. Idan ka matsar da ranarka zuwa mai tsada za ka cika bambancin, idan ka matsar zuwa mai araha ba a ba ka canji. Tikitin kwanaki da yawa ya fi sauƙi a kowace rana, amma yana da wa'adi: na kwana huɗu a Florida dole a cinye shi cikin kwana bakwai daga ranar farko. Farashin da ke shafin ma bai haɗa da harajin saye na kashi 6.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a yankin Orlando ba, sai a wurin biya yake bayyana.

Nau'i na biyu, na jiragen sama, ya riga ya shiga tikitin ƙofa a Disneyland Paris da ke Faransa tun ƙarshen 2024, inda kuɗin rana ɗaya ke iya canzawa gwargwadon yadda ake sayenta. Wannan yana sauya dabarar mai saye gaba ɗaya. A tsarin kalanda abin tambaya shi ne wace rana za a je. A wannan kuwa har da yaushe za a saya, kuma jira yakan jawo ƙari, musamman ga ranakun hutu. Sauƙin da ke Paris shi ne tikiti mai kwanan wata ana iya soke shi a karɓi kuɗi har zuwa kwana uku kafin ranar, don haka mai niyya yana iya kamawa da wuri ya riƙe farashin, idan tafiyar ta fasa ya janye.