Helen Ward

Helen Ward, wadda aka fara sani da Helen Lander kafin ta yi aure, tsohuwar 'yar wasan gaba ce ta tawagar ƙwallon ƙafa ta mata ta Wales. An haife ta ranar 26 ga Afrilu, 1986 a yankin Brent da ke Landan. Ta buga wa Wales wasa 105 tsakanin 2008 da 2023, ta zura ƙwallo 44. A lokacin da ta yi ritaya babu wanda ya kai ta yawan ƙwallaye a tarihin ƙasar, mace ko namiji, domin Gareth Bale da ya fi kowa a ɓangaren maza 41 ya ci.

Wasanta a ƙungiyoyi

Tun tana ƙaramar yarinya ta shiga Watford, a can ta taso har ta zama kyaftin. Yawan ƙwallayen da take ci ne ya ja hankalin Arsenal, wadda a zamanin ba ta da abokiyar karawa a ƙwallon mata na Ingila, ta ɗauke ta a 2009. A shekarar Arsenal ta lashe gasar lig da Kofin FA. Sai dai samun wuri a cikin taurarin wannan ƙungiya ba abu ne mai sauƙi ba, don haka a 2010 ta koma Chelsea, ana gab da buɗe sabuwar babbar gasar mata ta WSL a 2011.

Wasan da aka fi tunawa da ita a Chelsea shi ne na ƙarshe na Kofin FA a 2012, wanda aka yi da Birmingham City a filin Ashton Gate da ke Bristol. Ita ta fara zura ƙwallo, kuma har dab da tashi Chelsea ce a gaba, kafin Birmingham ta farke. Aka tafi ƙarin lokaci, aka tashi 2-2, Birmingham ta ɗauki kofin a bugun fenariti.

Daga nan ta tafi Reading, tana cikin 'yan wasanta lokacin da ƙungiyar ta lashe rukuni na biyu a 2015 ta hau babbar gasa. Ta ɗan taɓa zama a Yeovil Town, sannan a 2017 ta koma gida Watford, wadda a lokacin ba ta cikin manya.

Ta haifi 'ya'ya biyu tana tsakiyar sana'arta, a 2014 da 2017, kuma duk sau biyun ta dawo fili. A wancan lokaci kwantiragin 'yan wasa mata a Ingila bai tanadi hutun haihuwa yadda ya kamata ba, mata da dama daga haihuwa suke ajiye wasa ke nan. Annobar korona ma ta so ta kawo mata cikas: an dakatar da gasar rukuni na uku inda Watford take, saboda ba a lissafa ta cikin wasannin ƙwararru ba, ga kuma Wales na buƙatarta. Dole ta tafi London Bees aro a 2021 don ta riƙa samun wasa.

Watford ta hau rukuni na biyu a 2021, ta faɗo a 2022, ta sake hawa a watan Mayun 2023 bayan ta doke Nottingham Forest da ci 1-0 a wasan raba gardama. Da wannan kakar Ward ta rataye takalmanta, ta koma cikin masu tafiyar da ɓangaren mata na ƙungiyar.

Tawagar Wales

Ko da yake a Ingila aka haife ta, har ma ta buga wa tawagar Ingila ta 'yan ƙasa da shekara 23, ta cancanci wakiltar Wales ta wajen kakanta. Wasanta na farko shi ne wanda aka yi da Luxembourg a Satumban 2008, kuma a ranar ta ci ƙwallo. A watan Agustan 2010 ta zura shida ita kaɗai a wasan da Wales ta lallasa Azerbaijan da ci 15-0 a garin Newtown, a neman gurbin Kofin Duniya.

Ba irin 'yan wasan gaban nan ba ce masu ƙarfin jiki da ke ture mai tsaron baya. Abin da ta dogara da shi shi ne sauri da sanin inda ƙwallo za ta faɗo a cikin da'ira, da kuma nutsuwa idan ta haɗu da mai tsaron raga ido da ido. Wanda zai auna ƙwallayenta 44 ya kamata ya tuna irin tawagar da ta ci su a cikinta: Wales ta shekarun farko ƙungiya ce ta masu haɗa ƙwallo da wani aikin, wasanninta kaɗan ne a shekara, kuma idan ta haɗu da manya irin su Ingila ko Faransa tsaron gida take yi, 'yar gaba ta wuni ita kaɗai tana jiran ƙwallo ɗaya.

Ta yi wasa a ƙarƙashin masu horarwa da dama, ciki har da Jayne Ludlow, tsohuwar abokiyar wasanta a Arsenal, da Gemma Grainger. A watan Afrilun 2022 ta cika wasa 100, a karawa da Faransa a Llanelli. A ƙarshen zamaninta yawanci daga benci take shigowa.

Abin da bai samu ba shi ne zuwa babbar gasa. A Oktoban 2022 ne Wales ta fi kusantar hakan a zamaninta, a neman gurbin Kofin Duniya: ta doke Bosniya da ci 1-0 a Cardiff, sannan Suwizalan ta fitar da ita da ci 2-1 a Zurich, da ƙwallon da ta shiga a daƙiƙun ƙarshe na ƙarin lokaci. A watan Maris na 2023 Ward ta sanar da barin tawagar. Jess Fishlock ta karya tarihinta a Yulin 2024 da ƙwallo ta 45 a wasa da Kosovo, kuma a Disamban shekarar Wales ta doke Jamhuriyar Ireland a Dublin ta samu gurbin gasar cin kofin nahiyar Turai ta 2025, karon farko da matan ƙasar suka kai wata babbar gasa.