Wasan Kurket na Yara a Makarantu da Kulob-kulob na Accra

Kurket na yara shi ne wasan kurket da aka rage masa tsawon lokaci, aka sassauta masa dokoki, aka kuma sauya masa kayan wasa domin ya yi daidai da ƙarfin yaro, tun daga ɗan shekara 5 har zuwa ɗan 15 ko kusa da haka. Ana koyar da shi a makarantun boko da kulob-kulob, kuma ana iya yin sa a kowane fili da ke da faɗin da ƙwallo za ta gangara. A Accra wasan bai kama ƙafar ƙwallon ƙafa ko dambe ba wajen farin jini, musamman a unguwannin zango irin su Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama da Madina, amma yana da tsohon tarihi a birnin.

Yadda wasan yake a taƙaice

A wasan manya ƙungiya biyu ce ke karawa, kowacce da mutum 11. Ana kafa turaku uku a kowane ƙarshen filin jifa, tsakanin ƙarshen biyu yadi 22, wato mita 20.12. Mai jifa yana jefa ƙwallo da miƙaƙƙen hannu yana neman turakun, mai bugu kuma yana kare su da faffaɗar sandar katako. In ya buga ƙwallon ta yi nisa, shi da abokin bugunsa da ke ɗaya ƙarshen sai su yi musayar gurbi da gudu, kowace musaya maki ɗaya. Ƙwallon da ta gangara har iyakar fili maki 4 ce, wadda ta tsallake iyaka a sama maki 6. Jifa shida a jere shi ake kira oba. Mai bugu yana fita idan ƙwallo ta kada turakunsa, ko aka cafe ta tun ba ta taɓa ƙasa ba, ko aka kada turakun yana tsakiyar gudu.

Tarihinsa a Ghana

Turawan Ingila ne suka kawo wasan tun ƙasar tana Gold Coast. A 1904 aka yi karawar farko tsakanin Gold Coast da Legas. Gwamna Gordon Guggisberg, wanda a zamaninsa aka buɗe makarantar Achimota a 1927, shi kansa ɗan kurket ne, kuma har yau filin Achimota Oval ne cibiyar wasan a ƙasar. Ghana ta daɗe tana wasa cikin ƙungiyar haɗin gwiwa ta Afirka ta Yamma tare da Najeriya, Saliyo da Gambiya, kafin Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, ta karɓe ta da sunanta a 2002, ta kuma ɗaga matsayinta a 2017. A watan Maris na 2024, da Accra ta karɓi baƙuncin Wasannin Afirka, an sa kurket a gasar a karo na farko, an buga a Achimota, Zimbabuwe ta kwashe zinariyar maza da ta mata.

Yaron zango ba baƙo ba ne ga tushen wasan, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Wanda ya taso yana caskele a lungu, ɗaya na jefa matsattsen gwangwani yana neman ya faɗa cikin tayar mota, ɗaya na tsaye da sanda yana make shi, ya riga ya san jifa da kariya da sa ido. Koci mai basira daga nan yake farawa.

Tsarin da ke riƙe yaro

Babbar illar ɗora wa yara wasan manya ita ce zaman jira. Yaro zai sha zumuɗi mako guda, ya shiga fili, jifar farko ta kada masa turaku, shi ke nan ya koma gindin bishiya har a tashi. Sauran kuma suna tsaye can nesa a rana, ƙwallo ba ta zo wajensu ba ko sau ɗaya. Yaron da aka yi wa haka sau biyu ba ya dawowa na uku, kuma bai yi laifi ba, domin filin ƙwallon ƙafa yana nan kusa, kuma can kowa yana taɓa leda.

Maganin da aka fi amfani da shi shi ne wasan bibbiyu. Ana raba ƙungiya, galibi ta yara takwas, zuwa biyu-biyu. Kowane biyu suna bugu na adadin oba da aka yanka musu, ko an fitar da su ko ba a fitar ba. Ƙungiya tana farawa da maki 200, duk wanda aka fitar sai a cire mata 5, ya yi musayar gurbi da abokinsa, a ci gaba. A ɓangaren masu jifa, kowane yaro sai ya jefa obarsa, kuma bayan kowace oba masu tsaron fili suna zagayawa, na baya ya dawo gaba. Da haka gwani ba ya cinye wasan shi kaɗai, mai rauni kuma ba ya ɓuya. Wasa yakan ƙare cikin sa'a guda ko ƙasa da haka, abin da ya dace da makarantar da darasin motsa jiki ɗaya ko biyu gare ta a mako.

Ana kuma rage tsawon filin jifa. Hukumar kurket ta Ingila da Wales ta ba da shawarar yadi 15 ga 'yan ƙasa da shekara 9, yadi 17 ga 'yan ƙasa da 11, yadi 19 ga 'yan ƙasa da 13. Dalilin a fili yake: ƙaramin yaro da aka ce ya jefa yadi 22 sai ya lanƙwasa hannu ko ya cilla ƙwallon sama, ya koyi mummunar ɗabi'a da za ta yi wuyar gyara, mai bugu kuma bai samu abin bugu ba. Wanda hannunsa bai iya jifar sama ba tukuna, a bar shi ya mirgino ta ƙasa.

Kayan farawa ba su da tsada. Sandar roba ko ta katako marar nauyi, ƙwallon tanis, turakun roba ko kwali ko zanen alli a jikin bango sun wadatar. A Karaci ta Pakistan aka yi fice da naɗe ƙwallon tanis da salatif na masu gyaran lantarki, ta ƙara nauyi da gudu ba tare da ta zama makami ba, kuma wannan dabara tana aiki a farfajiyar siminti da filayen ciyawar roba da aka gina a wasu unguwanni.

Kiyaye lafiya

Ƙwallon kurket ta ainihi da fata aka ɗinke ta, kuma tauri gare ta kamar dutse. Ta manya maza tana tsakanin giram 155.9 da 163, ta 'yan ƙasa da shekara 13 tsakanin 133 da 144. A watan Nuwamba na 2014 ɗan wasan Ostareliya Phillip Hughes, mai shekara 25, ya rasu bayan ƙwallo ta same shi a wuya a birnin Sidni, alhali yana sanye da hular kwano. Tun daga nan aka ƙara wa hulunan kariyar ƙeya. Saboda haka ƙa'idar ba ta da sassauci: duk yaron da zai fuskanci ƙwallo mai tauri, ko zai tsuguna dab da bayan turaku, sai da hular kwano mai ragar fuska, da safar hannu, da kariyar ƙwauri, namiji kuma da kariyar gaba. Kulob ɗin da ba shi da waɗannan ya tsaya kan ƙwallo mai laushi. Hular ɗan okada ba ta maye gurbin ta kurket.

A ƙa'idar Ingila, ɗan ƙasa da shekara 13 ba ya tsayuwa tsaron fili a gaban mai bugu ƙasa da mita 10, ɗan ƙasa da 15 kuma ƙasa da mita 7.3. Mai jifa da ƙarfi yana da nasa haɗarin, domin maimaita jifar yana tsaga ƙashin baya na yaron da bai gama girma ba. Iyakar da aka daɗe ana bi ita ce oba 5 a jere da oba 10 a yini ga ɗan shekara 13 zuwa ƙasa. Gwanin yaro ne ya fi shiga wannan haɗari, tun da shi makaranta ke so, shi kulob ke so, kowa na neman kofi. Wanda ya sha bugu a kai kuwa, ya fita daga wasan ranar, likita ya duba shi, ko da ya rantse garau yake.

Yanayin Accra yana da nasa sharuɗɗan. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafi da gumi suna tsananta, don haka wasa da sassafe ne ko bayan la'asar, da hutun shan ruwa a kai a kai, da inuwa ga masu jira. Da hunturu, ƙura tana tayar wa masu asma da ciwo, maganin shaƙarsu ya kasance a bakin fili. Da damina, in tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, a shiga ɗaki, kada a fake a gindin bishiya, kuma kada a koma sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Kafin a fara, a zagaya filin a tsince kwalba da ƙusa, a juya bugun ya kauce wa titi da kwata da rumfunan masu koko da wake.

Akwai kuma sikila. Kusan jarirai 2 cikin 100 da ake haifa a Ghana suna ɗauke da cutar, kuma ƙishirwa da gajiya mai tsanani suna tayar da ita. Wannan ba dalilin hana yaro wasa ba ne, kurket ma ya fi wasanni da yawa dacewa da shi saboda gudunsa gajere ne. Abin da ake buƙata shi ne koci ya sani tun ranar rajista, ya bar shi ya sha ruwa ya huta ba tare da neman izini ba. A watan azumi, manyan yara masu azumi a rage musu gudu, a matsar da atisaye kusa da shan ruwa ko a ɗage shi. Lambar kiran gaggawa a Ghana ita ce 112.

Amanar yara

Dokar Yara ta Ghana ta 1998, mai lamba 560, ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma maslaharsa ce gaba da komai. A aikace wannan yana nufin abubuwa ƙanana da ake yawan rainawa. Babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro a ɗaki ko a mota. Saƙon atisaye ta wayar iyaye yake bi, koci ba ya hirar WhatsApp da yarinya ko yaro a asirce. Ba a ɗora hoton yaro a Facebook sai da yardar iyayensa. In za a gyara masa riƙon sanda, a gaya masa tukuna, a bainar jama'a. Kowane kulob ya ware mutum guda, mace ta fi, wanda yara suka san za su iya kai wa ƙara, zargin cin zarafi kuma sashen 'yan sanda na DOVVSU, mai kula da cin zarafi a gida da tallafa wa waɗanda aka cuta, ake kai wa. A unguwar da kowa ɗan'uwan kowa ne, sha'awar a rufa asiri a sasanta a zaure tana da ƙarfi, kuma yaron ne ke biyan kuɗin wannan sulhu.

Bulala da zagi ba su da gurbi a fili. Hukumar ilimi ta Ghana ta hana dukan ɗalibai a makarantu, kurket kuwa wasa ne da ko gwani yakan faɗi a jifar farko. Yaron da ke tsoron tsawar koci ba zai saki hannu ya buga ba.

Kowa ya samu shiga

Abin da ke hana 'yan mata zuwa galibi ba rashin so ba ne. Talla ce, da aikin gida, da rashin natsuwar iyaye. Kocin da ya taka har gida, ya gaida maigida, ya ce wa uwar, "Hajiya, ga Madam nan tare da su, ƙarfe biyar da rabi tana gida," ya fi mai aika takarda samun amsa. Tufafin wasan ma suna taimakawa, domin dogon wando da riga mai dogon hannu su ne kayan kurket na asali. Abtaha Maqsood ta buga wa Sikotland wasannin ƙasa da ƙasa da hijabinta, Hashim Amla na Afirka ta Kudu da Moeen Ali na Ingila kuwa sanannun Musulmi ne da suka kai ƙololuwa. Kafin balaga maza da mata suna iya wasa tare da ƙwallo mai laushi, bayan nan rukunin mata zalla da mace mai horarwa ya fi samun karɓuwa.

Jadawali ya girmama makarantar allo da Islamiyya, wadda a zango da yawa takan ci safiyar Asabar da Lahadi, ya kuma kauce wa lokacin Juma'a. Kayan wasa su zama na kulob, a riƙa karɓa-karɓa, kuɗin trotro zuwa gasa kuma kada ya zama abin da zai tace wa zai je. Koci ya yi bayani da harshen da yara ke ji, Hausa ne ko Twi ko Ga, ya fi nunawa da hannu fiye da dogon jawabi. Masu lalurar gani suna da nasu nau'in wasan, da ƙwallo mai ƙararrawa a ciki da ake mirginowa ta ƙasa, yaron da ba ya iya gudu kuma yana iya bugu wani ya gudar masa.

Wanda ya nuna hazaƙa, yawanci wajen shekara 11 zuwa 13 ake fara gabatar masa da ƙwallo mai tauri, sannu a hankali, a cikin ragar atisaye kuma da cikakkiyar kariya. Daga nan hanya takan bi ta gasannin makarantu zuwa ƙungiyoyin matasa na Hukumar Kurket ta Ghana. Nau'in da suka fi bugawa shi ne T20, mai oba 20 ga kowane ɓangare, kuma shi za a buga a gasar Olamfik ta Los Anjalis a 2028, karo na farko da kurket zai koma gasar tun 1900.