Ƙa'idar Saiwar Kaso a Aljabara

Ƙa'idar saiwar kaso ƙa'ida ce a ilimin aljabara da ke nuna inda za a nemi amsar daidaiton folinomiyal, idan har amsar cikakkiyar lamba ce ko kuwa kaso irin su rabi, sulusi da biyu bisa uku. Folinomiyal jimla ce mai gaɓoɓi, kowace gaɓa lamba ce ita kaɗai ko wadda aka ninka da x, ko x², ko x³, har zuwa sama, kamar 3x³ − 5x² − x + 2. Lambar da in aka sa ta a gurbin x jimlar za ta koma sifiri ita ake kira saiwa. Sunan ya biyo ta Larabci, inda masana lissafi suka ce mata jidhr, wato saiwar bishiya, masu fassara zuwa Latin kuma suka mayar da ita radix.

Lambobin kaso ba su ƙarewa, tsakanin 0 da 1 kaɗai ba su da iyaka. Aikin ƙa'idar shi ne ta tsamo 'yan kaɗan daga cikinsu, ta tabbatar cewa in akwai saiwar kaso to tana cikin waɗannan. Ba ta yin alkawarin cewa akwai ta.

Abin da ƙa'idar ta ce

A ɗauki daidaito aₙxⁿ + … + a₁x + a₀ = 0, inda duk lambobin da ke rakiyar x cikakku ne. Ta farko, aₙ, ita ce lambar jagora. Ta ƙarshe, a₀, wadda ba ta tare da x, ita ce lambar ƙarshe, kuma ana so kada ta zama sifiri. Idan kaso p/q saiwa ce, kuma an taƙaita shi har p da q ba su da lambar da ke raba su duka biyu sai 1, to dole p ta raba lambar ƙarshe ba saura, q kuma ta raba lambar jagora ba saura.

Idan lambar jagora 1 ce, q ba ta da zaɓi sai 1, don haka duk saiwar kaso cikakkiyar lamba ce. Idan lambar ƙarshe sifiri ce, sai a fitar da x waje tukuna, a yi aiki da abin da ya rage.

Hujja

Hujjar gajera ce. A sa p/q a gurbin x, a ninka komai da qⁿ don a rabu da kaso, sai a samu aₙpⁿ + aₙ₋₁pⁿ⁻¹q + … + a₁pqⁿ⁻¹ + a₀qⁿ = 0. Kowace gaɓa tana ɗauke da p, ban da ta ƙarshe. Tun da jimlar sifiri ce, dole ita ma gaɓar ƙarshe, a₀qⁿ, p ta raba ta. Amma p ba ta haɗa komai da q ba, saboda haka a₀ za ta raba. Haka ake bi ta ɗaya gefen: kowace gaɓa tana da q ban da ta farko, don haka q ta raba aₙ. Matakin da ya riƙe hujjar, cewa lambar da ta raba ninkin lambobi biyu alhali ba ta haɗa komai da ɗayarsu ba to ɗayar take rabawa, tushensa yana cikin littafi na bakwai na Euclid, wanda aka rubuta a Iskandariya wajen shekara 300 kafin Miladiyya.

Misali

A daidaito 3x³ − 5x² − x + 2 = 0, masu raba 2 su ne 1 da 2, masu raba 3 kuma 1 da 3. Lambobin da za a gwada takwas ne: ±1, ±2, ±1/3, ±2/3. Ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya, amma akwai matata da ke rage wahala. Idan p/q saiwa ce, to q − p tana raba abin da folinomiyal ɗin ya bayar a x = 1, p + q kuma tana raba abin da ya bayar a x = −1. A nan x = 1 ya ba da −1, don haka q − p sai dai ta zama 1 ko −1, kuma 2 da 2/3 ne kaɗai suka tsallake. Sannan x = −1 ya ba da −5. Ga lamba 2, p + q ta zama 3, wadda ba ta raba 5. Ga 2/3 kuwa 5 ce. Da aka gwada ta: 8/9 − 20/9 − 6/9 + 18/9 = 0.

Da samun saiwa ɗaya sai a raba folinomiyal ɗin da 3x − 2, a samu x² − x − 1. Saiwoyinsa biyu, (1 + √5)/2 da (1 − √5)/2, ba kaso ba ne, kuma ba su taɓa shiga jerin gwajin ba. Ƙa'idar ta buɗe hanyar isa gare su ne kawai, ta hanyar saukar da daidaiton daga daraja ta uku (mai x³) zuwa ta biyu (mai x²).

Tarihi

Ba a san mutum ɗaya da za a ce shi ya fara gano ƙa'idar ba. Littattafai da yawa suna jingina ta ga René Descartes, wasu suna lissafa ta a matsayin reshe na wata ƙa'idar Gauss. Abin da ya tabbata shi ne ta taru a hankali.

Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa na al-jabr wal-muqabala a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun, kuma daga kalmar al-jabr aka samu sunan fannin. Ba ya amfani da alamomi, da zance yake rubuta komai. Abin da yau ake rubutawa x² shi mal yake ce masa, wato dukiya, x kuma jidhr ko shay', lambar da ke zaman kanta kuma sau da yawa dirhami. Shahararren misalinsa shi ne dukiya ɗaya da saiwa goma sun yi daidai da dirhami talatin da tara, wato x² + 10x = 39, amsa 3. Ɗaya saiwar, −13, bai ambace ta ba, domin lissafinsa bai karɓi lambar da ke ƙasa da sifiri a matsayin amsa ba. Mai karatu na yau zai lura 3 da 13 duk suna raba 39. Kaso ma ba baƙo ba ne a littafin, don babban ɓangarensa a kan wasiyya da rabon gado yake, inda rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi ke aiki kamar yadda malaman gado suka san su har yau.

Masanan Larabci sun kuma bambanta lamba mai furtuwa da wadda ba ta furtuwa. Irin √2, wadda ba a iya faɗarta da kaso, sun kira ta asamm, wato kurma, kuma wannan suna ya shiga Latin da ma'anarsa. Abu Kamil na Masar, wanda ya rayu wajen 850 zuwa 930, ya yi aiki da irin waɗannan lambobi a cikin daidaito ba tare da ɗari-ɗari ba. Umar Khayyam, wajen 1070, ya rarraba daidaiton daraja ta uku gida-gida ya warware su da zane, ta inda lanƙwasassun layuka biyu suka haɗu.

A Italiya aka samu dabarar warware daraja ta uku da alƙaluma. Scipione del Ferro ya gano ta, Tartaglia ya sake gano ta, Gerolamo Cardano ya buga ta a Ars Magna a 1545, abin da ya jawo doguwar rigima tsakanin Cardano da Tartaglia kan alkawarin rufe sirri. A nan ne aka ga wani abu da ya nuna darajar gwaji mai sauƙi. Daidaito x³ = 15x + 4 yana da saiwa 4, duk wanda ya gwada masu raba 4 zai same ta nan take, tun da 64 = 60 + 4. Amma dabarar Cardano tana fitar da amsa mai ɗauke da √−121, lambar da a lokacin ba wanda ya san me take nufi. Rafael Bombelli, a littafinsa na 1572, ya riƙe 4 ɗin a hannu ya yi ta juya waɗannan baƙin lambobi har ya nuna cewa su ma 4 suke bayarwa. Sanin saiwar tun farko shi ya ba shi ƙarfin guiwar amincewa da su.

Ƙarni na 17 ya kawo fahimtar cewa folinomiyal ninki ne na ƙananan gaɓoɓi irin x − a. Thomas Harriot na Ingila, wanda aka buga aikinsa a 1631 bayan rasuwarsa, ya riƙa gina daidaito ta wannan hanya, Albert Girard kuma a 1629 ya bayyana alaƙar saiwoyi da lambobin rakiya a kowace daraja. Daga nan abin ya fito fili: idan lambar jagora 1 ce, lambar ƙarshe ninkin saiwoyin ce, sai dai bambancin alama. Descartes, a kashi na uku na La Géométrie da aka buga a Leiden a 1637, ya ninka x − 2, x − 3, x − 4 da x + 5, ya samu x⁴ − 4x³ − 19x² + 106x − 120 = 0. Ya kira 2, 3 da 4 saiwoyin gaskiya, ta huɗun kuma, wadda ke ƙasa da sifiri, saiwar ƙarya. Ya nuna yadda ake kawar da kaso daga daidaito, ya kuma ba da shawarar a bi masu raba lambar ƙarshe ɗaya bayan ɗaya a ga ko folinomiyal ɗin zai rabu. A wurin ne kuma ya kawo ƙa'idarsa ta alamomi, wadda ke ƙirga sau nawa alama ta sauya tsakanin tarawa da ragewa don sanin iyakar yawan saiwoyin da ke sama da sifiri. A misalinsa sau uku ta sauya.

Misalin nasa ya nuna matsalar gwaji ma: 120 tana da masu raba ta 16, da alamomi biyu sun zama 32. Isaac Newton, a Arithmetica Universalis da aka buga a 1707 daga laccocinsa na Kembirij, ya ba da hanyar tacewa. A sa 1, 0, −1 da makamantansu a gurbin x, a jera masu raba kowace amsa, a nemi waɗanda ke hawa da tazara iri ɗaya. Matatar da aka yi amfani da ita a misalin sama 'yar gidan wannan dabara ce.

Carl Friedrich Gauss ya ba al'amarin cikakken tushe a Disquisitiones Arithmeticae, 1801, sashe na 42. Abin da ake fitarwa daga ƙa'idarsa shi ne folinomiyal mai cikakkun lambobi, in ya rabu gida biyu da taimakon kaso, to zai rabu da cikakkun lambobi ma. Ƙa'idar saiwar kaso ita ce yanayin da ɗaya daga cikin gidajen yake qx − p.

Gajeriyar hanyar rabawa da ɗalibai ke amfani da ita wajen gwaji ana danganta ta ga Paolo Ruffini, a farkon ƙarni na 19, da William Horner, 1819. Qin Jiushao na ƙasar Sin ya riga su da irinta a 1247.

Inda babu saiwa

Masana da yawa suna ganin ƙarfin ƙa'idar ya fi bayyana a ranar da duk lambobin gwaji suka faɗi. A x² − 2 = 0 abin gwadawa ±1 da ±2 ne, babu wadda ta yi, saboda haka √2 ba kaso ba ce. Abin da mabiya Pythagoras suka gano, wanda Theodorus na Kurene ya bi lamba bayan lamba har zuwa 17 kamar yadda Aflatun ya ruwaito, ya fito a layi biyu. Haka nan duk cikakkiyar lamba N: saiwar xⁿ − N ko dai cikakkiya ce ko kurma, babu tsaka-tsaki.

Tsoffin tambayoyin Girkawa biyu ma ta wannan ƙofa aka rufe su. Ana so, da abin ja layi da kamfas kaɗai, a raba kowace kusurwa gida uku daidai, a kuma gina akwati mai gefuna daidai wanda cikinsa ya ninka na wani sau biyu. Pierre Wantzel ya nuna a 1837 cewa ba za su yiwu ba. Raba kusurwa mai digiri 60 gida uku yana kaiwa ga y³ − 3y − 1 = 0, inda abin gwadawa 1 da −1 ne kawai, suna ba da −3 da 1. Ninka akwatin kuma yana kaiwa ga x³ − 2 = 0. Dukansu ba su da saiwar kaso, don haka ba su rabuwa, kuma saiwar daidaiton daraja ta uku da ba ya rabuwa ba ta zanuwa da waɗannan kayan aiki biyu.

Iyakarta

A daraja ta biyu da ta uku, rashin saiwar kaso yana nufin folinomiyal ɗin ba ya rabuwa da lambobin kaso. Daga ta huɗu zancen ya sauya, kuma nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe: x⁴ − 5x² + 6 ba shi da saiwar kaso ko ɗaya, amma ya rabu zuwa x² − 2 da x² − 3. Don irin wannan ake komawa ga wasu gwaje-gwaje, kamar na Schönemann da Eisenstein na 1846 da 1850. Idan kuma lambobin rakiya kaso ne, sai a ninka daidaiton har su cika kafin a fara. In akwai kurma a cikinsu, ƙa'idar ba ta aiki.

A yau

Ana koyar da ita a manyan azuzuwan sakandare da shekarar farko ta jami'a, tare da ƙa'idar saura, wadda ke faɗin abin da zai rage in an raba folinomiyal da x − a. Manhajojin lissafi na kwamfuta ba su dogara da ita idan lambobi suka yi girma, domin gano masu raba babbar lamba shi kansa aiki ne mai nauyi. Suna bin hanyoyin Berlekamp na 1967, Zassenhaus na 1969, da na Lenstra, Lenstra da Lovász na 1982.