Ma'anar RD: yadda ake zama dayatishan mai rajista

Idan ka ga haruffan RD a bayan sunan ma'aikacin asibiti a Amurka, rajista suke nunawa, domin gajarta ce ta Registered Dietitian, wato dayatishan mai rajista. Mai su dayatishan ne da hukuma ta tantance, wato ƙwararre a fannin abinci wanda aka yarje masa ya duba mara lafiya, ya auna abin da jikinsa ke buƙata, ya tsara masa ci da sha a matsayin wani ɓangare na magani. Tun 2013 aka ba su zaɓin rubuta RDN a maimakon RD, amma Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, matsayinsu ɗaya.

Mutane kan haɗa dayatishan da masanin abinci mai gina jiki su ɗauka abu guda ne. Kowane dayatishan masanin abinci ne, amma ba kowane masanin abinci ne ya kai dayatishan ba. A Birtaniya abin a fili yake: doka ta kare sunan dayatishan, laifi ne mutum ya kira kansa da shi ba tare da rajistar HCPC, hukumar da ke yi wa wasu rukunin ma'aikatan lafiya rajista, ba, alhali masanin abinci rajistarsa ta ganin dama ce a ƙarƙashin AfN, ƙungiyar masana abinci mai gina jiki.

A Amurka hukumomi biyu ke riƙe da ƙofar. ACEND ita ke amincewa da kwasa-kwasan jami'o'i da shirye-shiryen horo, CDR kuma ita ke shirya jarrabawa ta ba da rajista. Daga 1 ga Janairu, 2024, CDR ta ɗaga sharaɗin shiga jarrabawa daga digirin farko zuwa digiri na biyu. Waɗanda suka riga suka cancanta kafin wannan rana abin bai shafe su ba. Digirin na biyu ba dole ne ya zama a fannin abinci ba, amma darussan sana'ar kansu tilas a yi su a shirin da ACEND ta amince da shi.

Nan ne ɗalibai suka fi yin asara, kuma asarar tana da ciwo. Mutum zai share shekara huɗu yana karanta kimiyyar abinci a jami'a mai suna, sai ya zo neman gurbin horo a tambaye shi takardar shaidar kammalawa wadda daraktan shirin ke sa wa hannu, ya tarar kwas ɗinsa ba ya cikin jerin ACEND. Ba wannan takarda, ba horo. Ba horo, ba jarrabawa. Sai ya koma aji ya cike giɓi da kuɗinsa. Duba jerin kafin a biya kuɗin makaranta aikin 'yan mintuna ne.

Bayan darussa, waɗanda suka haɗa da sinadaran jiki, aikin gaɓoɓi, ilimin ƙwayoyin cuta da jinya ta hanyar abinci, sai horo a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, aƙalla awa 1,000. A da awa 1,200 ake nema. Wasu kan gama karatu sannan su nemi horon daban, wasu kuma su shiga shirin da ya haɗa karatun da horon wuri guda. Na biyun ya fi kwanciyar hankali, domin gurbin horo ba ya wadatar masu nema a koyaushe, kuma yawanci ba a biyan ɗalibi albashi, shi ne ma ke biya.

Wannan awa dubu ita ce ƙashin bayan sana'ar. A ɗauki mara lafiya mai nauyin kilo 70 da ba ya iya haɗiya, an sa masa bututun ciyarwa ta hanci. Ƙiyasin farko kan kama daga kalori 25 zuwa 30 a kowane kilo, wato 1,750 zuwa 2,100 a rana. In aka tsayar da 1,800, kuma ruwan abincin yana ɗauke da kalori ɗaya a kowace mililita, za a saita famfo a mililita 75 cikin awa har awa 24. Lissafin ba wuya. Wuyar tana wajen sanin lokacin da bai kamata a fara da wannan adadi ba. Wanda ya daɗe ba ya cin abinci, in aka ɗura masa gaba ɗaya, insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, zai tashi ya janye ma'adanan fosfet da fotashiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, zuciya ta rikice, har a rasa rai. Shi ya sa ake farawa kaɗan-kaɗan, ana ba da bitamin B1, ana duba jini kullum. Irin wannan a bakin gado ake koyonsa, da wani babba tsaye a kanka. Sauran awannin ana raba su tsakanin kula da kicin na asibiti ko makaranta da aikin lafiyar al'umma.

Jarrabawar CDR a kwamfuta ake yinta, tambayoyi 125 zuwa 145. Kwamfutar ce ke zaɓo tambaya ta gaba gwargwadon amsar da ka bayar, don haka ba a tsallake tambaya, ba a komawa baya a gyara. Ana neman maki 25 a ma'aunin da ya tsaya a 50, kuma wannan ba ya nufin amsa rabin tambayoyi daidai, ma'auni ne na daban. Kaso mafi girma na tambayoyin na jinya ne, amma akwai kuma ɓangaren gudanarwa da lissafin kicin. Wanda ya faɗi sai ya jira kwana 45 kafin ya sake zama.

Cin jarrabawa ba shi ne ƙarshe ba. Yawancin jihohin Amurka suna da nasu lasisin, kuma ƙa'idar wata jiha ba ita ce ta maƙwabciyarta ba. Sannan duk shekara biyar sai an kawo shaidar awa 75 na ƙarin ilimi, in ba haka ba rajistar ta faɗi.

A Birtaniya babu jarrabawar ƙasa irin wannan. Ana yin digirin farko na shekara uku ko huɗu da HCPC ta amince da shi, ko kwas na gaba da digiri na kimanin shekara biyu, horon asibiti yana ciki, daga nan a nemi rajista. Ana sabunta ta duk shekara biyu.

Rajistar wata ƙasa ba ta tsallaka iyaka da kanta. Wanda ya yi karatu a waje yana son RD ta Amurka, yawanci sai ya fara kai takardunsa wurin hukumar da ke auna darajar digirin ƙetare, sannan daraktan wani shiri na ACEND ya duba darussan da ya yi ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa masa waɗanda suka rage da yawan awannin horon da zai cika.